Shekarar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ɗan Adam harshe, ya kuma ƙara wa wasunmu a kan rabonsu.

Ku 'ya'yana da jikokina, kun taso kun ji ana kirana Inna Mai Hira tun daga Kaura har Zurmi, kuma na san kowannenku da irin fassarar da ya yi wa sunan. Wasu sun ɗauka yawan surutuna ne ya jawo, kuma ba zan rantse cewa ba su da hujja ba. Wasu kuma an gaya musu wai ni ce matar da ta zubar da kunya a gaban surukarta, aka tsaya a nan ba a ƙarasa musu ba. To, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da ya tayar da zancen shi ne zuwan da Maryam, matar autana Kabiru, ta yi kwanan baya da ɗanta a kafaɗa, idonta ya yi ja. Wai yaro ya kusa shekara bai ce komai ba, ta duba a waya ta ga abubuwan da suka hana ta cin abinci. Na zaunar da ita, na dama mata fura, na ba ta labarin babban yayanku. Da ta gama dariya ta share hawaye, sai ta ce in rubuta, kada labarin ya bi ni kabari. Shi ne na karkaɗe ɗan karatun yaƙi da jahilcina na zauna.

A Jangeru aka haife ni. Mahaifiyata, wadda muke kira Nenne, Bafulatana ce, kuma da ana kai kunya kasuwa da rumfarta ta fi ta kowa cika. Ita ta koya mini kunyar ɗan fari. Ku na yanzu da kuke ɗaga ɗan fari sama kuna sumbata kuna ɗaukar hoto, dole in yi muku bayani. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi. Ko kuka yake yi a gaban mutane, sai wata ta tsawata mata kafin ta ɗauke shi ta ba shi nono, tana kawar da kai. Har Nenne ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba, "wancan" take ce masa, da furfurarsa da komai. Kuma kada ku ce mugunta ce. A babban gida irin namu, yaron da uwarsa ta yi wa shiru yana da kaka mai tsokanarsa, da gwaggo mai yi masa tawai, da yara rututu masu yawo da shi a baya. Bakin uwa kaɗai ne a rufe, sauran duk a buɗe suke. Al'adar ba ta cutar da kowa a gidan da aka yi ta dominsa.

Ni kuwa ba a babban gida na yi reno ba. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, mutumin Zurmi ne, amma ɗinki ya kawo shi Kaura, yana da ɗan shago a bakin kasuwa. Da na gama wankan jego a Jangeru aka maido ni gidan haya, ɗaki biyu da tsakar gida. Ɗaya ɗakin na Balki ne mai ƙosai, wadda tun da sassafe take goya 'yarta ta tafi tasha, ba ta dawowa sai la'asar. Mahaifinku shi ma ya fita da safe, sai kuma an yi isha. Sai gida ya zama daga ni sai jariri sai wata akuya mai taurin kai da Nenne ta ba ni. Kuma kamar kunyar ɗan fari ba ta ishe ni ba, sai aka raɗa wa yaron sunan kakansa, marigayi Malam Haliru, uban mijina. Ga shi ɗan fari, ga shi mai sunan suruki. Sunan nan ko a zuci ban yarda in taɓa shi ba.

Ban rage shi da komai ba, Allah ne shaidata. Wanka da ruwan ɗumi, man kaɗanya a jiki, kunu a kan lokaci, ƙuda ma ban bari ya sauka a kansa ba. Amma bakina gum. Ko mu biyu ne a ɗaki, sai in ji kamar Nenne tana leƙe ta taga. Idan ya dube ni ya yi murmushi da 'yan haƙoransa, zuciyata sai ta narke, amma in kau da kai in ci gaba da tsintar shinkafa. Mahaifinku ma tasa kunyar yake yi. Idan ya shigo sai ya dubi bango ya ce, "Ya mutan gida?" Mutan gidan kuwa har da wanda ke rarrafe yana jan ƙafar wandonsa.

Yaro ya yi ɓul-ɓul, kowa ya gan shi sai ya yabi haƙurinsa. Da damina ta sauka ya doshi shekara, har yana dafa turmi ya miƙe. Amma in ban da kuka da dariya ba ka jin komai daga bakinsa, ɗan gwarancin da ya taɓa farawa ma ya bar shi, tun da ba mai amsa masa. 'Yar Balki kuwa, wadda wata ɗaya aka haife su, ta tashi a cikin hayaniyar tasha, kowane fasinja sai ya taɓa kumatunta ya ce mata wani abu. Ta iya "baba", ta iya "dada", tana ɗaga wa direbobi hannu, idan ta ga akuyata ta nuna ta da yatsa ta ce "mee". Wata la'asar Balki ta ajiye kaskonta ta tsaya tana kallon su biyun a kan tabarma.

"Ke Dije, ɗan ga naki mi shika jira? Tawa ta kusa hwara zagin direbobi, shi ko 'ba' bai ce ba."

"Miskili na," na ce mata. "Gadon gidansu na."

Dariya muka yi, amma ranar tuwo bai shiga cikina ba.

Ana cikin haka Iya, uwar mahaifinku, ta zo daga Zurmi lokacin da gero ya fara fitar da kai. Iya doguwa ce, mai murya, wadda idan ta yanke magana ba a sake ɗinka ta. Tana shigowa ta sure jikanta ta fara wasan kaka da jika.

"Maigidana! Ba ka gaishe ni? Ina gorona? Haka aka tarbon amarya?"

Ya zuba mata ido kawai. Ta yi masa waƙa, ta yi masa cakulkuli, ya yi dariya, amma bai ce uffan ba. Sai ta daina wasa. Ta sa yatsa ta buɗe bakinsa ta leƙa, ta gyaɗa kai.

"Linzami na," ta ce.

Nufinta wai wata tsoka ce a ƙarƙashin harshe ta ɗaure shi, sai wanzami ya sa aska ya yanke.

"In anka yanke gero ina zowa da wanzamin gidanmu, a yanke mai shi. Daga nan in wuce da abina Zurmi. Can za a yaye shi, can zai tashi cikin mutane. Ɗan hwari dama na kaka na."

Uwar ɗan fari ba ta da bakin cewa "ɗana". Abin da ake so a gare ta shi ne ta nuna ko a jikinta, har ma ta yi godiya. Na durƙusa na ce, "To, Iya." Da ta tafi na zuba dawa a turmi ina daka ina kuka, don ƙarar taɓarya ta rufe mini asiri. Na taɓa ganin yaron da aka yi wa wannan yankan a Jangeru, na ga irin jinin da ya zubar, na ga yadda ya ƙi nono bayan nan. Ga aska, ga rabuwa, duk a rana ɗaya, kuma ranar tana matsowa da nunar gero. A shekarar nan ni kaɗai ce a ƙasar Kaura da ba ta murnar ganin amfanin gona ya yi kyau.

Balki ce ta ja ni asibiti ranar awon yara. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a lokacin, ba 'yar ƙasarmu ba ce amma Hausa a bakinta tas, Sista kawai muke ce mata. Balki ta zayyana mata komai, ni ina sunkuye ina wasa da bakin mayafi. Sista ta haska bakin yaron ta ɗaga harshensa, ta tambaya ko yana kama nono da kyau, Balki ta ce ai kumatunsa sun ba da amsa. Sannan ta zagaya bayansa a hankali ta buga cokali a jikin kwano. Ya juya firgigit yana neman inda ƙarar ta fito. Ta koma ɗaya gefen ta yi magana ƙasa-ƙasa, nan ma ya juya.

"Harshensa lafiya lau, kada a bari kowa ya sa masa aska," ta ce. "Kunnensa ma, iya abin da zan iya gani a nan, yana ji. Yara ba rana ɗaya suke fara magana ba, wani ya yi sauri, wani ya yi nawa. Amma a wannan lokacin ina so in ga yana gwaranci, yana nuna abu da yatsa, yana juyowa idan an kira sunansa. Ya sunansa?"

Na yi shiru. Balki ta faɗa mata. Sista ta dube ni, ta dubi yaron, ta sake dubana.

"Wa yake yi masa hira a gida?"

Balki ta ce, "Akuya."

Sista ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Yaro ba ya tsintar magana a ƙasa, a bakin mutane yake ɗauka. Ki riƙa gaya masa abin da kike yi. Kina daka, ki ce ina daka. Kina masa wanka, ki ce ga hannu, ga ƙafa. Ki kira sunansa, ki dube shi, idan ya yi wani sauti ki amsa masa kamar ya faɗi magana mai ma'ana. Idan an kwana biyu ba ki ga canji ba, ki dawo in tura ku Gusau a duba kunnen da kyau."

Da ƙyar na buɗe baki.

"Sista, ɗan hwari na."

"Na sani," ta ce. "Shi ne bai sani ba."

Maganar nan ta bi ni har gida. Washegari da kowa ya fita, na rufe ƙofar gida, na rufe ta ɗaki, na saki labule, kai ka ce sata zan yi. Na zaunar da shi a gabana, sai na rasa abin da ake ce wa ɗa. Abin da ya zo mini kawai shi ne gaisuwar baƙo.

"Ina kwana? Kun tashi lahiya? Ya ruwa?"

Ya saki baki yana kallona, don bai taɓa sanin cewa matar nan da ke ba shi nono tana da murya ba. Kunya ta rufe ni, na tashi na fita tsakar gida. A nan dabara ta zo mini. Ai ba a hana ni magana da akuya ba. Na ɗauko shi na ajiye kusa da turke, na fuskanci akuya na ce, "Ke, hwaɗa ma wancan yau miyar kuka za mu yi. Hwaɗa mai ga ludayi, ga tukunya." Akuya tana tuƙa tana harara ta, shi kuma yana bin bakina da kallo. Haka muka yi 'yan kwanaki, akuya tana tsakani. Ban san ranar da na sallame ta daga aikin ba. Na dai tsinci kaina ina ba shi labarin Jangeru kai tsaye, ina lissafa masa sunayen shanun Nenne, ina rera masa waƙar tatsar nono da Fulatanci, har gulmar Balki na yi masa, cewa ƙosanta na jiya gishiri ya yi yawa. Ashe duk shirun da na yi a rayuwata taruwa yake yi yana jiran mai saurare.

Shi ma ya fara biya. Da fari "ba-ba-ba", sai "da-da", in amsa masa da "ashe?" da "kai, haba!" sai ya ƙara ƙaimi yana buga cinya. Ya fara nuna kaza da yatsa yana waiwayo na in faɗa masa sunanta. Sunansa ne ya fi ba ni wuya. Ranar da na fara faɗinsa ina yi masa wanka ne. Na nemi gafarar marigayi a zuciyata, na sunkuya daidai kunnensa na raɗa, "Haliru." Sama ba ta faɗo ba. Na sake faɗa, na ɗora da "na'am" don ya ji yadda ake amsawa. Na yi ta yi kullum, har wata rana na kira shi yana wasa da murfin kwano, ya waiwayo ya ce, "Am!" Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ina hawaye. Daɗin da na ji ranar, na ranar da na fara ganin Ka'aba ne kawai ya kamo shi.

Wata azahar mahaifinku ya dawo ɗaukar almakashin da ya manta, ya tarar na manta ban sa sakata ba. Ya tsaya a bakin ɗaki ya ji komai, har sunan mahaifinsa. Ya yi gyaran murya, ya ɗauki almakashi, ya dubi bangonsa na kullum.

"Ni ban ji komi ba," ya ce.

Ya kai ƙofa ya dawo.

"In kin gama, ki hwaɗa mai wanga abu almakashi sunan shi."

Daga ranar shi ma ya shiga sahu, sai dai bango yake yi wa bayani, yaro yana tsinta. Amma da na roƙe shi ya hana Iya zuwa da wanzami, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi bai taɓa ce wa Iya a'a ba, bai kuma san ta inda ake farawa ba. Ban ga laifinsa ba, don ni ma ban sani ba.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Duk wannan hirar a bayan ƙofa muke yin ta. Da zarar wani ya shigo sai in koma uwar ɗan fari, in ɗaure fuska in yi gum, shi ma sai ya yi gum, don a wurinsa magana abu ce da ake yi idan an saki labule. Balki ma ba ta yarda ba da na ce mata yana amsawa, cewa ta yi son zuciya ne ke sa ni jin abin da babu.

Aka yanke gero. Iya ta cika alkawari, ta iso da hantsi tare da wanzamin gidansu, wani dattijo mai fara'a da zabirarsa a rataye. Ta zo har da sabon zanen goyo. Balki ta fasa zuwa tasha, matan maƙwabta suka shigo, don irin wannan ba a yin sa babu 'yan kallo. Aka shimfiɗa tabarma a gindin bango, Iya ta zauna ta ɗora yaron a cinya. Mahaifinku ya ce mata a hankali, ai a asibiti an ce harshen lafiya lau.

"Lahiya lau? To shi yi magana mu ji," in ji Iya. "Maigida! Maigidana! Ce wani abu, ka hid da kanka."

Yaro ya ga taron mutane ya ƙara yin tsit. Wanzami ya buɗe zabira ya fito da aska yana gogawa a fata. Iya ta kwantar da kan yaron a hannunta ta riƙe haɓarsa. Ni ina bakin madafa, inda ya kamata uwar ɗan fari ta tsaya, tana yi kamar wankin kwano ya fi damunta. Na ga idonsa yana yawo cikin mutane yana nemana. Na san abin da zai biyo baya idan na buɗe baki, na san har Jangeru sai an ji. Na tuna fuskar Nenne. Sannan na ajiye kwanon, na tako tsakiyar gida, na kira shi da muryar da ake kiran wanda ke nesa.

"Haliru!"

Wata mata ta saki salati. Mahaifinku ya runtse ido. Yaro kuwa ya fizge haɓarsa daga hannun kakarsa, ya juyo gaba ɗaya.

"Am!"

Na durƙusa na buɗe hannu na ce, "Zo, ɗana. Hwaɗa ma Iya, mi a wancan?" Na nuna turke. Ya sulale daga cinyarta ya rarrafo da gudu, ya dafa gwiwata ya miƙe, ya nuna akuya ya ce, "Mee!" Da ya ga ana kallonsa sai abin ya yi masa daɗi, ya nuna wanzami ya zuba masa wani dogon gwaranci har da ɗaga hannu, kamar mai bin bashin bayani. Balki ta rangaɗa guɗa. Dattijon ya naɗe askarsa yana dariya.

"Hajiya, wanga harshe ba shi son aska. Nan gaba dai ku neme ni in rage mai tsawo."

Kun san yayanku, kun san yadda abinci ke hucewa idan ya miƙe zai yi jawabi a taron dangi. Sau da yawa nakan ce da ma mun karɓi tayin dattijon nan.

Kowa ya yi dariya ban da Iya. Ta miƙe tsaye, ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ɗiyar Hulani. A gabana."

Abin da ta ce ke nan. Ta shige ɗaki, aka kai mata tuwo ta maido shi yadda yake.

Ba zan ɓoye muku ba, na biya kuɗin wannan kiran, kuma ba da arha ba. Labari ya riga ni isa Jangeru. Da na je da Sallah, Nenne ta amsa gaisuwata, ta tambayi mutan gida, ba ta tayar da zancen ba. Amma a da duk zuwan da na yi sai ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitso, a nan muke hirarmu ta uwa da 'ya. Wannan karon na tsefe kaina na zauna ina jira, sai ta aika aka kira mini mai kitso. Har ta rasu muna zaune lafiya, amma hannunta bai sake taɓa kaina ba, kuma har yau idan na tuna sai na ji ciwon. A gidajen biki kuwa da na shigo sai mata su fara taɓa juna, ga Mai Hira nan, wadda ke zama ta yi taɗi da ɗan fari. Da fari sunan yana ƙona ni, daga baya na ɗaure shi a ka na yi ado da shi. Abin da na gaya wa Maryam shi ne abin da Sista ta gaya mini: ta kai yaro a duba kunnensa, kada ta zauna tana zullumi, sannan ta kife wayar nan ta ba shi labari. Ita ko akuya ba ta buƙata.

Saura abu ɗaya, wanda ko mahaifinku ban taɓa gaya wa ba.

Iya ta kwana a gidanmu. Ni dai ban san matsayina ba, don zanen goyon nan yana nan a ninke a kan jakarta. Da gari ya waye rana ta ɗan ɗaga, na je wurin Balki na karɓo wa Iya ƙosai mai zafi, ko za ta huce. Da na dawo na iske an saki labulen ɗakina, yaro kuma ba ya tsakar gida. Na matso a hankali, sai na ji murya ƙasa-ƙasa. Na leƙa ta gefen labule. Iya ce zaune a bakin gado, ta tsayar da shi tsakanin gwiwoyinta ta riƙe hannayensa biyu. Matar nan ta yi zaman aure da Malam tun tana yarinya har ta rufe masa ido, kuma kamar kowace mace ta zamaninta, ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ko sau ɗaya. Ta waiwaya ta tabbata ba kowa, sannan ta sunkuya.

"Haliru."

"Am!"

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta sake faɗa, ya sake amsawa. Ta sake. Na koma da baya a kan yatsun ƙafa, na tsaya a zaure har ƙosan ya huce.

Da za ta tafi na ɗauki jakarta na raka ta bakin hanya, yaro yana bayana a goye. Muka jira har motar Zurmi ta tsaya. Sai ta zaro sabon zanen goyon ta ɗora mini a kafaɗa, tana kallon wani wuri daban.

"Riƙe abinki," ta ce. "Ba ki da kunya, wanga kam an gama."

Ta sa ƙafa ɗaya a mota, sannan ta juyo.

"Amma in na zo, ki riƙa kiran shi da ƙarhi. Kunnena ya hwara nauyi."